Ƙarar salansa: burga ce ko asara?

Daga Madawa zuwa Buza har Keita, duk wanda ya ci kasuwa ko ya raka amarya ya ji yayin da samari suka shigo da shi. Ɗan cirani zai dawo daga Libiya ko Abijan, ya sayi 'yar Starlet, kafin sati ya kai ta gareji a huda salansa, a cire matatar iska, wai don ta yi ruri irin na motar tsere. Yanzu abin ya iso Tabotaki.

To, mu duba ribar. Motar tsere kwalta take bi, mu kuwa jan ƙasa da ƙurar hunturu muke sha. Matatar nan ita ke tare ƙura. In babu ita, rairayi zai shiga inji ya cinye shi, mota ta fara hayaƙi da shan mai. Gwamnati ta sauko da litar esanshi zuwa sefa 499 a 2024, amma ƙarancin mai na watan Maris 2025 ya nuna mana cewa mai ba abin wasa ba ne.

Ga kuma maganar tsaro. A yankin da 'yan bindiga ke tsallakowa daga iyakar Najeriya, salansar da ke fashewa tsakar dare tana tayar da gari, mata da yara su ɗauka harbi ne.

Muna kira ga magadan gari, jandarmomi da shugabannin masu gareji su zauna su tsayar da ƙa'ida. Kuɗin cirani da gumi aka samo su, bai kamata su ƙare a hayaƙi ba.