Jan Biro a Rajista Ba Ya Warkar da Lupus



Muna da wata abokiyar aiki a wata firamare da ke gefen fadamar Rima, wadda ba za mu ambaci sunanta ba. Shekara biyu ta yi tana fama da zazzaɓi mai zuwa ya tafi, da ciwon gaɓoɓin yatsu har alli ya gagare ta riƙewa da safe, da wata irin gajiya wadda barci ba ya kawar da ita. Duk inda ta je, kemis ko ɗakin shan magani, amsa ɗaya ce: maleriya da taifot. Gashinta ya soma zuba, baƙin tabo ya fito mata a kumatu da karan hanci, dangin miji suka ce sammu ne, aka koma turare da jiƙe-jiƙe. A wurin aiki kuwa, abin da ta samu shi ne jan biro a rajista da takardar tuhuma har biyu. Sai da ƙafafunta suka kumbura, fitsarinta ya riƙa yin kumfa, aka kai ta Sakkwato, sannan aka kira cutar da sunanta: lupus. A lokacin ta riga ta taɓa ƙoda.

Mu malamai ne, bai kamata a bar mu cikin duhu ba. Lupus cuta ce da garkuwar jiki, wadda Allah ya yi ta don yaƙar ƙwayoyin cuta, take juyowa ta afka wa jikin mai ita: fata, gaɓoɓi, jini, ƙoda, wani lokaci har zuciya da ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya ko zama a aji ɗaya. Cikin kowane mutum goma masu ita, kusan tara mata ne, akasarinsu tsakanin shekara 15 zuwa 45, kuma ta fi tsanani a jikin baƙar fata. Wato dai tana kama mace a daidai shekarun da take koyarwa, take haihuwa, take riƙe da gida. Halinta ne ta lafa wata da watanni, sannan ta taso. Shi ya sa wanda ya ga malama garau ranar Litinin, ya ji ta kwanta ranar Laraba, yake saurin cewa lalaci ne. Wannan hukunci zalunci ne, kuma da bakinmu muka sha yanke shi a ɗakin malamai.

Ba a warkewa daga lupus kwata-kwata, amma ana danne ta, mutum ya yi aikinsa har ya yi ritaya. Ginshiƙin maganin shi ne hydroxychloroquine, wanda ake sha kullum, ana kuma duba ido lokaci-lokaci saboda shi. Akwai prednisolone, wanda tsayar da shi farat ɗaya haɗari ne, ga kuma magunguna masu tsada irin su mycophenolate idan ƙoda ta taɓu. To ku dubi abin da ke faruwa idan albashi ya ƙare tun tsakiyar wata: maganin ake fara yankewa, a koma sayen diclofenac a kemis don a iya tsayuwa gaban allo, alhali shi kansa yana cutar da ƙodar. Ba mu manta da 2020 ba, lokacin da aka yayata cewa hydroxychloroquine na maganin korona, masu lafiya suka wawashe shi a ƙasashe da dama, masu lupus suka rasa.

Likitan da ya ƙware a wannan fanni, likitan cututtukan gaɓoɓi da garkuwar jiki, yana da ƙaranci ƙwarai a Najeriya baki ɗaya. Ga mutumin Wurno ko Rabah ko Goronyo, neman ƙwararre yana nufin Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru. Gwajin jini irin su ANA ba a yin sa a asibitin ƙauye. Kowace ganawa da likita tana cin kuɗin mota na mutum biyu, da yini guda ko biyu na aiki, a kan hanyoyin da kowa ya san halin tsaronsu. Mutanen Goronyo ba su manta da harin kasuwarsu na Oktoban 2021 ba. Malamar da ta bi wannan hanya don ta tsira da ƙodarta, ta dawo ta tarar an rubuta mata "ba ta zo ba", me aka koya mata? An koya mata ta daina zuwa asibiti.

Abin kunya ne a ce haka na faruwa a wannan yanki. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837, shugaban da ya wallafa littattafai a kan ilimin magani, wanda kuma a 1824, da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato, ya nemi Sarkin Ingila ya aiko masa da likita. Shekara ɗari biyu ke nan da wani shugaba a nan ya gane cewa kawo likita kusa da jama'a aikin mai mulki ne. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan Najeriya, jiharmu kuma tana da hukumarta, SOCHEMA. Takardu sun wadata. Abin da muke nema shi ne a tabbatar mana a rubuce cewa malamin firamare mai ciwo na dindindin zai karɓi maganinsa na wata-wata da gwajinsa a ƙarƙashin tsarin, kuma a riƙa turo ƙwararren likita manyan asibitocin ƙananan hukumomin nan uku, ko da sau ɗaya ne a zango. Gwajin fitsari mai nuna ƙoda ta fara taɓuwa tsinke ne kawai ake tsomawa. Babu dalilin da zai sa a je Sakkwato dominsa.

Amma kada mu jingina komai ga gwamnati mu wanke hannunmu. Hasken rana yana tayar da lupus, kowa kuma ya san ranar Afrilu a ƙasar Sakkwato. Hedimastan da ya ɗauke wa irin wannan malama tsayuwar asembili da sa ido a filin wasa, ya ba ta aji mai rufi da inuwa, ko kwabo bai kashe ba. Sakataren ilimin da ya bar ta a makarantar bakin titi maimakon ƙauyen da sai an yi tafiyar sa'a a kan babur, shi ma haka. Ku kuma maza, 'yan'uwanmu: mai lupus tana iya haihuwa lafiya idan an tsara cikin da likita bayan ciwon ya lafa kamar wata shida, don wasu magungunan sai an canza su tukuna. Gori a kan ɓari ko neman saki ba shi ne taimakon da take jira daga gare ku ba.

Mu kanmu a ƙungiya mun iya tara kuɗin ta'aziyya cikin kwana biyu, amma ba mu taɓa tara kuɗin motar zuwa asibiti ba. A taron reshe mai zuwa za mu gabatar da ƙudurin ware wani kaso na asusun taimakon juna ga masu ciwo na dindindin, da kuma buƙatar a ɗauki katin asibiti a matsayin uzurin da ya isa ya hana jan biro. Muna so a kammala wannan kafin 10 ga Mayu, ranar lupus ta duniya. Wakilin kowace makaranta ya zo da adadin malamansa masu irin wannan lalura, ba tare da sunaye ba.