Yaron Da Ya Bar Ƙwaya, Ina Ajinsa?

'Yan'uwa manoma, kun san yadda ƙwaya ta shigo ƙauyukanmu. Yaro ya tafi ci-rani Kano, ya komo da tiramol a aljihu, wai don ya yi noman yini guda bai gaji ba. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ke shaye-shaye a Nijeriya. A shekarar nan kuwa gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin.

Hani yana da kyau. Amma yaron da aka kora daga sakandare, ya sha wuya har ya daina, ina zai nufa? A Goron Dutse, cikin ganuwar Kano, akwai gidan yari, akwai kuma gidan ajiye yara masu laifi. Duka biyu wurin tsarewa ne. Iyaye da yawa kuma sun kai 'ya'yansu gidajen mari don rashin wata hanya, har 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019, waɗansu da sarƙa a ƙafa.

A jihar Masacusets ta Amurka an buɗe makarantun sakandare musamman domin irin yaran nan a 2006. Ana koyar da lissafi da sauran darussa kamar ko'ina, ga masu ba da shawara kullum. Abin da ya fi burge ni shi ne dokarsu: kuɗin da hukuma ke kashewa a kan ɗalibi yana bin sa zuwa sabuwar makarantar. Ba a bar uba da nauyin shi kaɗai ba.

A ganina irin dokar da Majalisar Jihar Kano za ta yi ke nan. A hana shugaban makaranta ƙin karɓar yaron da likita ya shaida ya daina. Duk mai buɗe gidan gyaran hali ya yi rajista, ya ɗauki malamai masu takarda, sufeto ya riƙa shiga ba tare da sanarwa ba. Kowane yaro kuma a rubuta sunansa a jarrabawar WAEC ko NECO, gama ba takarda sai ya koma tasha, wurin abokan da ya baro.

A taronku na ƙungiya mai zuwa, sakatare ya ƙirga yaran da suka bar aji saboda ƙwaya. A rubuta wasiƙa da wannan lissafi, a kai wa ɗan majalisar yankinku hannu da hannu kafin damina ta kankama.