HAR YANZU BA KA WARKE BA?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku ƙananan ma'aikata masu karanta wannan mujalla, ƙara na kawo gabanku, kuma ku ne waɗanda nake ƙara.

Shekara huɗu ke nan ina fama da wani ciwon hanji da likitoci ke kira cutar Crohn, sunan wani likita na birnin New York, Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana ta a 1932. Yadda take kuwa, garkuwar jikin mutum, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, ita ce ke juyawa ta far wa hanjinsa, ya kumbura, ya yi gyambo. Daga nan sai murɗar ciki, da gudawa, wani lokaci har da jini, da rama, da gajiyar da barci ba ya kawar da ita. Ba a ɗaukarta ta musafaha ko cin tuwo a kwano ɗaya. Takan lafa wata da watanni, sa'an nan ta taso ba sallama. Magani yana kwantar da ita, tiyata tana cire sashen hanjin da ya lalace, amma har yau ba a sami abin da ke raba mutum da ita ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce jama'armu suka ƙi ji. A wurinmu ciwo iri biyu ne kurum: wanda ake warkewa da wanda ke kisa. Wanda ya zauna tare da mutum shekara da shekaru ba mu da gurbinsa, don haka sai mu nemo masa wani suna. A gidanmu a Ƙofar Marusa an fara cewa basir ne, aka koma shawara, gwaggona ta rantse sammu ne. Da rama ta yi yawa, sai na ga abokai sun daina shan ruwa a modar da na sha. Wani malaminmu ya ce da ni, "Jiya na gan ka kana dariya, yau kuma ka ce ba ka da lafiya?" Na fita bayan gida sau uku a ɗakin jarrabawa, aka caje ni kamar ɓarawo. Da azumi likita ya hana ni, malami ya ce in ciyar, amma sai na ɓuya nake haɗiye magani. Kaico! Ciwon cikin ya fi mini sauƙi a kan bakin jama'a.

Na san abin da za a ce: ai kowace cuta da maganinta. Gaskiya ne, kuma na yi imani da haka. Amma malaman da suka karantar da mu wannan sun kuma karantar da mu cewa wani maganin an san shi, wani ba a kai ga saninsa ba. Wanda bai yarda da haka ba, shi ne abincin masu tallar magani da lasifika a kasuwa, waɗanda kwalba ɗaya tasu ke warkar da cuta goma. Kuɗin hatsin gidanmu na shekara guda ya tafi a hannun irinsu.

Abin mamaki, mu Katsinawa bai kamata a koya mana wannan darasi ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi mulkin jiharmu daga 1999 zuwa 2007 yana fama da ciwo mai daɗewa. A watan Maris na 2007, da ya je Jamus ganin likita, aka baza jita-jitar ya rasu, har sai da Shugaba Obasanjo ya buga masa waya a gaban taron siyasa don a ji muryarsa. A Amurka kuwa, an yi wa Shugaba Eisenhower tiyata saboda wannan cuta tawa a 1956, a shekarar ya sake cin zaɓe, ya kammala wa'adinsa a 1961. Ashe mai ciwo yana iya riƙe ƙasa, amma a ce ba ya iya riƙe biro?

Ba ni kaɗai nake magana a kai ba. Akwai masu sikila a cikinmu, da masu ciwon sukari, da masu farfaɗiya, kowa ya yi gum don kada a fasa ba shi aure ko aiki.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta nemi doka a rubuce, wadda za ta ba mai takardar likita damar rama jarrabawa ba tare da roƙo ba, ta kuma matsa a gyara bayan gida a zuba ruwa. Ku kuma da gobe za ku zauna a ofisoshi, in takardar hutun mai irin wannan ciwo ta zo teburinku karo na biyar, ku sa hannu ba da tsaki ba.

Wanda ya gamu da ni kuwa, ya daina tambayata ko har yanzu ban warke ba. Ya ce, "Yaya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Wannan ya ishe ni. Allah ya ba mu lafiya, amin.