Hawayen Tita Ba Ƙarya Ba Ne

Jama'a, masu cewa littafin Laura Esquivel na 1989, Como agua para chocolate, shirme ne wai don abinci ba ya ɗaukar baƙin ciki, ni dai ban yarda da ku ba.

Ku dubi Tita. Auta ce, al'adar gidansu can a Meksiko ta hana ta aure, sai dai ta kula da uwarta Mama Elena har mutuwa. Pedro da take so aka aura wa yayarta Rosaura, kuma don tsabar rashin imani ita aka sa haɗa kek ɗin bikin. Tana kwaɓi hawaye na zuba ciki. Duk wanda ya ci sai begen tsohuwar soyayya ya turnuƙe shi, ga kuka ga amai. To ina ƙaryar? Yarinyar da aka rufe wa baki, ta ina za ta yi magana in ba ta tukunya ba?

Wasu marubutanmu kuwa, sai su cika shafi da farfesun kaji da lemo don a san Alhaji na da naira. Mai girkin fa, dariya take ko kuka? Oho!