Notin ƙafar mota idan ya zarce, kada a kai shi walda

 Na san wannan takarda ta farashi ce, mai buɗe ta kuɗin gero da wake da riɗi yake nema. To, amma kuɗin buhu ba a rumfa kaɗai ake yanka shi ba, har da a kan hanya, domin duk abin da ya sami mota a ƙarshe kan buhu yake sauka. Shi ya sa nake son in yi magana a kan wani ɗan ƙarfe wanda tsawonsa bai fi taƙi ba, watau notin da ake ɗaga ƙafar mota da shi. Maganata ɗaya ce: idan haƙorinsa ya cinye har ya zarce, a cire shi a sa wani irinsa. Kada a yi masa walda, kada a yi masa ciko, ko da kuwa gobe Lahadi ce ana sammakon kasuwar Mai'adua.

Bari in fara bayyana abin, don ba kowane mai mota ya taɓa leƙa ƙarƙashinta ba. A da, akori-kurar da muka sani ita ce Peugeot, wadda muke kira Fijo, 404 da 504, tun da aka fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975. Bayanta sifirin ne mai falle-falle, an ɗaure shi a kan aksil da wasu ƙarafa masu lanƙwasa kamar baka. Daga baya motocin Japan suka cika tasha, Hilux da HiAce da 'yan'uwansu. Su kuma tsofaffinsu da yawa, a gaba wata doguwar sandar ƙarfe gare su a kowane gefe, makanikai na ce mata toshin-ba. Idan taya ta faɗa rami sai sandar ta murɗe kamar an matse wanki, sa'an nan ta warware. Toyota ta fara sa ta a Hilux a 1978, sai a samfurin da ya fito wajen 2005 ta koma sifirin mai naɗi. Gindin wannan sanda wani hannu ne ke riƙe da shi, hannun kuwa dogon noti guda ɗaya ke riƙe da shi. Ka ɗaure, gaban mota ya tashi. Ka sassauta, ya sauka. Ke nan nauyin wannan kusurwa gaba ɗaya a kan haƙoran noti ɗaya yake rataye.

To, me ke kai mutane taɓa shi? Wani sandar ce ta tsufa, gaban mota ya duƙa. Wani kuwa ya ƙara falle biyu ko uku a sifirin baya don lodi, baya ya yi sama, sai ya ce a ɗaga gaba su daidaita. Wani rairayin ƙauyukanmu ne ke kama masa ciki, yana son mota ta yi tsawo. Duka hujja ce. Amma akwai wanda ke tsammanin ɗaure notin yana ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya, wannan kuwa ba haka ba ne faufau. Tsawo kawai ya ƙara, ƙarfin sandar yana nan yadda maƙera suka yi shi. Irin waɗannan motoci abin da aka yi su dominsa bai wuce wajen tan ɗaya ba, buhu 10 ke nan na kilo 100. Kowa ya tsaya bakin hanyar Kwangwalam da kaka ya san abin da ake ɗora masu ya ninka haka, ga yaran mota a sama, ga mai kaya a gaba.

Yadda noti ke zarcewa kuwa, mafi yawa hanya ɗaya ce. Mota tana tsaye a ƙasa da nauyinta, wani lokaci ma da kaya a ciki, sai a ce wa yaro ya shiga ya ƙara mata zagaye huɗu. Notin ya shekara ashirin ba a taɓa shi ba, ga ƙura, ga laka ta damina. In motar Beljiyam ce, irin waɗanda aka riƙa shigowa da su ta Kwatano da Nijar kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa a Janairun 2017, to da tsatsarta ta zo, domin a Turai gishiri suke zuba wa hanya lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa cin ƙarfe yake yi. Yaro ya ja, ya ƙi. Sai ya zura faifan ruwa a sifana ya hau da ƙafa. Sai ka ji abin ya yi laushi farat ɗaya, yana juyawa ba ya tafiya. Shi ke nan, haƙori ya tafi.

Akwai wata hanyar kuma, wadda ta fi ba ni haushi, don da kuɗi ake sayo ta. Ƙarfe biyu sai su zama kauri ɗaya amma tazarar haƙoransu ta bambanta. Mai kaurin milimita 12 akwai mai tazarar 1.75, akwai 1.5, akwai 1.25, kuma motocin Japan sun fi yin aiki da mai ƙananan haƙora. Da ido ba ka rabe su, kamar tiyar wani gari ce da ta wani gari, sai an zuba ake ganin bambanci. Idan ka ɗora wanda ba nasa ba, zai shiga zagaye ɗaya ko biyu da hannu sa'an nan ya cije. Mai hankali a nan yake tsayawa. Mai gaggawa sai ya ɗauko sifana ya tilasta shi, ya yanka sabon haƙori a kan tsoho, duka biyun su lalace. Noti na gaskiya a kan haƙori mai tsabta da yatsa yake tafiya, in ba irin mai roba a baki ba, wanda dama don ya cije aka yi shi. Hatta kan notin ma ba ɗaya ba ne: inda na Japan ke cin sifana 12 da 14 da 17, na Turai 13 da 17 da 19 yake ci. Sifana 13 a kan kai mai 12, ja biyu ya isa ya goge kusurwoyin ya mai da shi kamar ƙwallon goriba.

Sa'an nan maganar ƙarfin ƙarfen kansa. Jama'a, a riƙa duba kan noti, akwai rubutu. Idan ka ga 8.8, ma'anarsa kowane murabba'in milimita na jikinsa yana ɗaukar kimanin kilo 80 kafin ya tsinke. Mai 10.9 kimanin kilo 100. Mai 4.6 kuwa kilo 40 ne kacal, na ƙofa ne da gadon ƙarfe. Wanda ba rubutu ko kaɗan, ka ɗauke shi a wannan aji na ƙarshe, komai ƙyallinsa. Na Toyota na asali sau da yawa lamba ɗaya ce a kansu, kamar 7 ko 11, lissafinsu daban ne. Mu da muke cusa hannu har gindin buhu don kada a yi mana algus da tsakuwa, yaya za a miƙo mana ƙarfen da ran mutum goma ke kansa mu karɓa don yana sheƙi?

Yanzu ga walda, wadda ita ce asalin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da noti ya zarce, abin da za ka fara ji shi ne, "Alhaji, a ɗan ɗiga masa wuta mana, ya kai mu ya dawo da mu." Wannan noti an gasa shi ne an kashe shi da ƙa'ida har ya sami ƙarfinsa. Wutar walda tana warware wannan aiki: wani wuri ya yi laushi, gefensa ya yi ƙarau kamar kwalba. Kuma daidai inda aka ɗiga wutar nan ne nauyi ke ja. Ba ya ba da sanarwa. Rami ɗaya a hanyar Kazaure da kaya a sama, sai ya ɓalle, kusurwar mota ta zauna, sitiyari ya fizge hannun direba. Na taɓa tarar da irinta a wannan hanya, ta zauna a gefe ɗaya kamar raƙumin da aka guggurfanar, wake ya watse har cikin gona. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma mai kayan a nan ya kwana yana tsince, ya rasa kasuwar Dawanau ta ranar, ya biya wata motar kuɗin kwasa. Ban da wannan, tartsatsin walda in ya taɓa sandar kanta ya yi mata tabo, daga wannan tabon take fara tsagewa. Kuma notin da aka liƙe ya daina zama na daidaitawa, ran da ɗaya gefen ya duƙa sai dai zarto.

Ba na ce mai walda ba shi da aiki a nan ba. Idan ƙarfe ya karye a cikin rami, ko kansa ya goge, ana ɗora wani noti a kan guntun a liƙa, zafin ya saki tsatsar, a kama a warware. Wannan daidai ne, domin guntun bola za shi. A cire kan batir tukuna, a kuma lura da tankin mai. Haka wanda abin ya same shi a daji, ya jera wosha don notin ya hau inda haƙori ke da sauran rai, ba laifi, amma a sauke kaya, a tafi a hankali, iyakarsa gareji.

Aikin ƙwarai ba shi da wuya, haƙuri yake so. A sauke kaya duka. A ɗaga mota da jak har taya ta bar ƙasa, a tokare ta da abin da ba ya zamewa, ba bulo ba. A goge haƙoran da burushin waya, a jiƙa su da man sakin tsatsa ko kananzir tun da dare. A auna tsawon da ƙarfen ya leƙo a kowane gefe a rubuta, don a san inda za a mayar. A sa soket mai kusurwa shida wanda ya zauna daram, a ja kaɗan a mayar kaɗan. In ya zarce, a sake namiji da macen gaba ɗaya, a tafi da tsohon a hannu wurin masu kayan gyara, ko Ƙofar Ruwa a Kano, a nemo na jikin mota irinta. Bayan an ɗaura a sauke, a ɗan zagaya da ita, a auna tsawon gefe biyu a wuri mai daidai, sa'an nan a kai ta a saita tayoyi, in ba haka ba sabuwar taya wata biyu za ta yi.

Wani zai ce, Malam, kai kana zaune a rumfa, ba ka san halin da direba ke ciki ba. Na sani. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin tafiya ya ci rabin ribar mota, sa'an nan aka rufe iyakar Nijar a shekarar, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris na 2024, masu jigilar Matamaye da Magarya suka yi wata da watanni a zaune. Kayan gyara kuma sun bi dala. Duk gaskiya ne. Amma ko a wannan tsada, notin da muke magana bai kai kuɗin buhun gero ɗaya ba, motar kuwa buhu nawa take ɗauka a sawu guda? Yinin da ake jin ƙyashin rasawa kuma, ai akwai lokacinsa: ƙarshen damina, kafin a fara yankan gero, motoci ba su da aiki sosai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura maganar wa zai biya, don a nan ake yawan ɓatawa. A ganina, idan bakanike ya juya notin mota tana ƙasa, ko ya sa wanda ba nasa ba, to shi ya ɓata, ya sayo. Idan kuwa ya ce a bar ta ta kwana a jiƙe, mai mota ya ce shi sauri yake yi, to mai mota ya ɗauki abinsa, kada ya je tasha yana ɓata sunan bawan Allah. Ku kuma 'yan'uwana masu ɗaukar shatar mota, ba abin kunya ba ne dattijo ya durƙusa ya leƙa. Ka duba gindin sandar nan ta gaba, ko akwai ɗigon walda a kan noti. Ka duba ƙarafan da suka ɗaure sifirin baya, in ka ga jan gari kamar barkono yana fita a tsakanin falle, sun yi sako-sako, kuma in suka saki, ƙusar tsakiya ce ke yankewa aksil ya goce, mota ta riƙa tafiya a karkace kamar kare. In ka ga ɗaya daga cikin biyun nan, ka nemi wata motar, ko kuma a yi magana gaban shugaban tasha tun kafin lodi cewa in ta zauna a hanya kuɗin kwasa a wuyan mai mota yake.