Takobin Wasa da Takobin Gaske

Daren 27 ga watan Yuli na 1924 ba shi muke nufi ba, ko da yake a waccan shekara ma a birnin Paris aka yi Wasannin Olamfik. Na 2024 muke nufi, shekara ɗari cif bayan wancan, sa'ad da muna gida hutu, muka taru a wani gidan kallo a Talata Mafara domin mu ga yadda 'yan ƙwallon Gini za su ƙare da Faransa. Da aka tafi hutun rabin lokaci sai mai gidan ya murɗa tasha, sai ga waɗansu mutum biyu cikin fararen kaya, fuska a rufe da raga, kowane riƙe da siririn takobi, suna kai wa juna sara a kan wani dogon dandamali. Ɗakin ya kaure da dariya. Wani ya ce ai waɗannan masu ɗibar zuma ne. Kafin a mayar da mu ƙwallo muka fahimci cewa wasan ƙarshe ne ake yi, kuma ɗaya daga cikinsu, Fares Ferjani, ɗan Tunisiya ne, watau ɗan Afirka kamarmu. Ɗan Koriya ta Kudu ya rinjaye shi, amma ya tafi gida da lambar azurfa. Sai wani dattijo da ke zaune a bakin ƙofa ya ce, "To ku samari, ina namu?" Babu wanda ya amsa masa.

Ya 'yan'uwa ɗalibai, tambayar dattijon nan muke so mu tattauna a wannan shafi, domin har aka rufe wasannin ran 11 ga Agusta ba a sami amsarta ba. Nijeriya ta tura 'yan wasa fiye da tamanin, aka kashe biliyoyin naira, aka dawo ko lambar tagulla guda babu. A cikin makonnin nan ne kuma matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a garuruwan Arewa. Mai kallo yana fita daga gidan kallo da takaici, ya tarar da wani takaicin yana jiransa a bakin tukunya.

Mu da aka haifa bayan 1996, labarin Atlanta a bakin iyaye da yayye muka ji shi, har mun haddace shi kamar tatsuniya. Burazil tana gaba da ci uku da ɗaya, aka farke, Nwankwo Kanu ya jefa na uku ana dab da tashi, ya kuma jefa na huɗu a ƙarin lokaci. Ran 3 ga Agusta aka ci Ajantina uku da biyu, aka ɗauko zinariya, ƙasar Afirka ta farko da ta yi haka a ƙwallon ƙafa. A cikin 'yan wasan akwai Garba Lawal da Tijjani Babangida, 'yan Kaduna. Wata biyu bayan wannan, ran 1 ga Oktoba, aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato. Ashe jiharmu da waccan zinariya sa'o'in juna ne. A Beijing, 2008, aka samo azurfa. A Rio, 2016, muna 'yan yara, muka ga 'yan wasanmu sun maƙale a Amurka saboda rikicin kuɗin jirgi, suka sauka a Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasa, suka kuma ci Japan biyar da huɗu. Daga baya Sadiq Umar da Aminu Umar suka ci ƙwallayen da suka kawo tagulla a kan Honduras, ga Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato yana tsaron baya. Ita ce kaɗai lambar da Nijeriya ta samu a Rio. Daga nan kuwa shiru. Mazanmu ba su je Tokyo ba, ba su je Paris ba, Ginin nan da muka zauna kallo ita ce ta fitar da su tun a share fage cikin 2023.

Abin da muka lura da shi a wannan tarihi shi ne, ƙwallo ta saba rufa mana asiri. Duk sa'ad da aka yi sakaci sai yara goma sha ɗaya su fito da baiwar da Allah ya ba su su wanke hukuma, a yi ta kiɗa, a manta da sakacin. Ranar da baiwar ta kasa, sai tsiraicin ya bayyana.

Wasan takobi kuwa ba ya karɓar wannan dabara, shi ya sa muka ga ya cancanci mu tsaya a kansa ko da yake mun yi masa dariya. Wasa ne da ba a taɓa yin Olamfik na zamani ba tare da shi ba tun 1896. Dandamalin tsawonsa mita 14. Takubban iri uku ne: akwai wanda ba a cin maki da shi sai an soki gangar jiki da tsininsa, akwai wanda ko'ina ka taɓa daga kai har ƙafa maki ne, akwai kuma irin na Ferjani, wanda ake sara da shi daga ƙugu zuwa sama, gadon mayaƙan doki. An haɗa takobi da waya, da an taɓa mutum sai fitila ta kama, wanda ya riga kai maki 15 shi ya ci. Taɓawar da ido ba ya iya gani ita ke raba gardama, saboda haka babu wanda zai wayi gari ya iya. Sai yaro ya shekara goma ko fiye a hannun malami guda, a ɗaki guda, ana biyan malamin albashinsa a kan kari. Turawan Faransa da Italiya da Hangare sun daɗe suna riƙe da wasan, amma a 2012 Alaaeldin Abouelkassem na Masar ya ci azurfa a London, a 2016 Inès Boubakri ta Tunisiya ta ci tagulla, a Paris kuma bayan Ferjani da kwana guda Mohamed El-Sayed na Masar ya ƙara tagulla. Ƙasashen nan biyu ba su fi mu yawan jama'a ba, ba su fi mu man fetur ba. Sun zaɓi abu ne suka daure a kansa, gwamnati ta zo ta wuce, ɗakin horon yana nan.

Kada wani ya ce mun zo ne da shawarar a sayo fararen kaya da wayoyi a kai Bakura. Kayan wasan suna da tsada ƙwarai, kuma garin da wutar lantarki take baƙuwa ba shi ne zai dogara da fitila ta raba masa gardama ba. Masu son wasan a Nijeriya suna nan, har an yi gasar Afirka a Legas cikin 2025, Allah ya ba su sa'a. Mu abin da ya taɓa mu daban ne.

Mu Zamfarawa ba baƙin takobi ba ne. Kowanenmu ya yi yaƙin kara a gona bayan girbi. Mun ga 'yan tauri suna gwada wuƙa a jikinsu ranar salla, mun ga mahaya suna jinjina wa sarki da takobi tsirara, mun san yadda makiyayi yake juya sanda. Amma a 'yan shekarun nan makami ya canza ma'ana a ƙasarmu. Ran 26 ga Fabrairu, 2021, aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka kwashe yara 279. A watan Agusta na wannan shekara aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai fiye da saba'in a Kaya, ƙasar Maradun, har gwamnati ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Da yawa daga cikinmu muna sakandare a lokacin. Waɗanda suka ɗauki makami a daji, da waɗanda suka ɗauka a gari da sunan sa-kai, galibinsu sa'o'inmu ne. Saboda haka da muka ga mutum biyu sun ɗaga takobi sun gai da juna, sun gai da alƙali, suka yi faɗa iyakar ƙarfinsu, alƙali ya ce a tsaya suka tsaya, dariyar da muka yi ba ta kai ciki ba.

To a nan ne za a ce mana, mutanen da ba su iya zuwa gona ba, wa zai yi musu zancen wasa? Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi: babu filin ƙwallon da zai kori ɓarayin daji, babu kofin da zai biya kuɗin fansa. Amma mu dubi abin da ya faru da saurayi ɗan shekara goma sha shida tun da aka rufe makarantun kwana aka takura kasuwanni. Kokawar kaka da ake yi a dandali bayan an kai amfani gida ta ja baya a ƙauyuka da yawa, domin taron dare ya zama abin tsoro. Ƙarfin da ke jikin yaron nan bai ragu ba, son a san shi a kuma kira sunansa bai ragu ba. In gari bai ba shi fagen da zai nuna bajinta a tafa masa ba, akwai masu ba shi wani fage, su haɗa masa da babur. A wata makaranta da waɗansunmu suka yi, filin da yayyenmu suka yi tsere a kai mun same shi an noma masara, ƙwallo guda ɗaya kuwa tana kulle a ofis, ba a fito da ita sai baƙi za su zo. Wannan ba laifin Abuja ba ne.

Kai, mu ma ba mu da bakin kukan rashin uwa a gindin murhu. Garuruwan nan uku kowane ya ba jihar gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara ashirin ke nan a hannun 'yan gida. Sai kowa ya leƙa filin makarantar garinsu ya yi wa kansa hisabi.

In za mu yi koyi da Masar, abin koyin shi ne zaɓe da dauriya, kuma abin da za mu zaɓa yana ƙofar gidanmu. Kokawa wasa ce ta Olamfik. Dambe ma haka, ko da yake dokokinsu sun bambanta da namu. Lambar farko da Nijeriya ta taɓa samu ta dambe ce, Nojim Maiyegun ya ciyo ta a Tokyo a 1964, ta farko ta maƙwabtanmu Nijar ma ta dambe ce, Issaka Dabore a 1972. Dubi Bayelsa, wadda aka ƙirƙira rana ɗaya da Zamfara. Can ma kokawar gargajiya suka gada. Ɗansu Daniel Igali ya ci wa Kanada zinariya a Sydney a 2000, ya dawo gida ya tsaya a kan horar da yara, sai ga Blessing Oborududu ta ɗauko azurfa a wasannin Tokyo da aka yi a 2021. Ƙasar da makaɗa irin su Ɗan Anace suka wasa 'yan dambe har sunayensu suka game Hausa, ba ta rasa ƙarti ba. Malamin da zai koya musu dokokin zamani ta rasa, da tabarmar horo, da abinci, da gasa mai lokaci wadda ba ta jiran shekarar zaɓe.

Nijar ta nuna ana iyawa da kuɗi kaɗan. Tun 1975 suke yin gasar kokawa ta ƙasa, jihohi suna karɓar baƙunci bi da bi, ƙasar duka tana bin wasan a rediyo. Abin sha'awa kuma, kyautar sarkin kokawarsu takobi ce. Ga takobi a hannun saurayi Bahaushe ko Bazabarme, ya same shi da gumi a gaban alƙali, uwarsa tana guɗa. (Mu ƙara da wata: ga tafkin Bakolori shimfiɗe tun ƙarshen shekarun 1970, ga masunta da suka tashi da filafili a hannu, tseren kwalekwale kuwa lambobi da yawa ake rabawa a kansa. Amma wannan sai ranar da hanyar dam ta yi lafiya.)

Abin da muke roƙo bai kai kuɗin motar babban jami'i guda ba. Ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun su haɗa kai su sa kofi guda na makarantun sakandare, a ƙwallo da tsere da kokawa da langa, a yi shi da rana a cikin gari inda tsaro ya fi, a rubuta shi cikin kasafin kuɗi yadda ba zai mutu da tafiyar shugaba ba. A hana noma da gini a filayen makarantu. A ɗauki malaman wasa, a kuma bar su su koyar da wasan, maimakon a tura su cike gurbin malamin lissafi. 'Yan mata ma a ware musu nasu fili da malamai mata, domin a Rio mun ga Ibtihaj Muhammad ta Amurka ta ci tagulla a wasan takobi sanye da hijabinta. 'Yan'uwanmu ƙananan ma'aikata da ke sashen ilimi da na matasa, ku ne kuke rubuta takardun da manya suke sa wa hannu, kun san inda ake cusa layi guda ya rayu.

Mu ɗalibai kuma kada mu tsaya a rubutu. Kowane dogon hutu muna komawa gida, mu kwana mu wuni a gidan kallo muna gardamar ƙungiyoyin Ingila da Sifen waɗanda ba su san da zamanmu ba. Ƙungiyoyin ɗaliban garuruwan nan uku suna tara kuɗin walima duk shekara. A bana a rage lemo da rigunan taro, a sayi ƙwallo goma da usur da farar ƙasa, kowace ƙungiya ta ɗauki firamare guda ta share filinta kafin ciyawar damina ta bushe. Za a sake haɗuwa a Los Angeles cikin 2028, kuma mun san yaron da za mu sharewa fili bana ba zai kai can ba. In an dace, na 2036 muke yi wa aiki.