Ɗan Goye Ma Yana Jin Magana

Mu marubuta mun iya kuka. Duk inda muka haɗu zancen ɗaya ne, wai kasuwar littafi ta mutu, yaran yanzu ba sa karatu. To amma wai shin mai karatu daga sama yake faɗowa? Ni dai a ganina tun yana bayan uwarsa ake ƙera shi, kuma a nan ne muke sakaci.

A nan ƙasarmu ta Gagarawa har gobe ana kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi mata gwaranci sai ta kau da kai kamar ba ita ta haife shi ba. Ban ce al'adar banza ce ba, domin kuwa da can tana da mafita. Babban gida ne, in uwa ta yi shiru ga kaka nan tana yi masa tawai tana ce masa angonta, ga goggo, ga 'yar reno, da dare kuma a baje Gizo da Ƙoƙi a tsakar gida. Bai san me ake cewa ba, amma kunnensa yana kwasa.

Yau fa? An kai amarya ɗakin haya a Gumel ko Dutse, ta tafi da kunyar ta baro kakar a ƙauye. Maigida ya fita tun safe, ran Alhamis ma sai dare zai dawo daga kasuwar Maigatari. Yaro na motsawa a miƙa masa waya.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ajiye yaron da bai kai shekara 1 ba yana kallon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa 1 a rana. Wani binciken jami'ar MIT ta Amurka a 2018, kan yara 'yan shekara 4 zuwa 6, ya nuna ba yawan kalmomin da yaro ya ji ne kaɗai abin dubawa ba, a'a, musayar ce, ya faɗa a amsa masa. Waya kuwa surutu gare ta, amma ba ta jiran amsar kowa. Don Allah ƙanwata, in kunya ta hana ki a tsakar gida, ai a ɗaki ba mai ganinki.

Mu ma 'yan'uwana marubuta da namu. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara mana Tatsuniyoyi da Wasanni tun tuni, mu kuma muka duƙufa kan soyayya da kishiya, littafi na ɗaya, na biyu, na uku. A shiga rumfunan littattafai a Kano a nemi na ɗan shekara 2 da Hausa, a ga wahalar da za a sha. Shafi 8 ya isa, hoton akuya, raƙumi, tulu, damin gero, kalma ɗaya a ƙarƙashin kowanne, takarda mai kauri saboda baki zai fara kai ta. A kai shi inda mata ke layin riga-kafi.